Maguzancin da Aka Koya Daga Littafi

A kowace shekara, idan ranar 20 ko 21 ga watan Yuni ta zagayo, dubban mutane sukan kwana a filin Stonehenge da ke kudancin Ingila, suna jiran rana ta ɓullo ta tsakanin wasu manyan duwatsu da aka kafa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Mafi yawansu 'yan kallo ne da masu neman nishaɗi, amma a tsakiyar taron akan ga wasu sanye da dogayen fararen riguna, da sanduna a hannu da ganye a ka, waɗanda idan rana ta fito sukan ɗaga hannuwa su gaishe ta. Wani abokina ya taɓa turo mini bidiyon wannan taro ta waya, ya haɗa da 'yar gajeruwar magana: "Malam, ka ga Turawa sun koma maita." Na yi dariya a lokacin, amma daga baya na lura cewa a cikin wannan jimla tasa akwai kalmomi biyu da ba su zauna daidai ba, wato "maita" da "koma", kuma duk wanda yake so ya fahimci abin da waɗannan mutane suka yi imani da shi, tilas ya fara gyara su duka biyun.

Ta maita ita ce mai sauƙin gyara. A wurin Bahaushe, maye shi ne mai kama kurwar mutum ya cinye, wanda ake cewa yana da ƙanƙara a ciki, kuma babu wanda zai tashi a bainar jama'a ya ce shi maye ne. Mabiya addinin da ake kira Wika, wanda ya fi sauran rassan maguzancin zamani suna, sun ɗauki tsohuwar kalmar Ingilishi da ƙamus yakan fassara mana da "maye" sun laƙaba wa kansu da gangan, suna nufin mai ilimin ganye da wata da tsafi. Ba su yarda akwai Shaiɗan ba balle su bauta masa, domin a ganinsu Shaiɗan na cikin aƙidar Kirista da Musulmi, su kuwa ba su shiga wannan lissafi ba. Idan dole sai an nemo musu makusanci a harshenmu, boka ko ɗan bori ya fi kusa da abin da suke nufi, ko da yake shi ma kusancin na nesa ne. Na zaɓi in kira abin "maguzancin zamani" don ita ce kalmar da mai karatu zai fi saurin ganewa, tare da sanin cewa Bamagujen ƙauyen Kano ko Katsina zai yi mamakin jin an haɗa shi layi ɗaya da malamar makaranta a Landan mai kunna kyandir a daren da wata ya cika.

Kalmar "koma" ita ce ta fi nauyi, domin a kanta ra'ayina ya tsaya. Wanda ya koma gida, gidan ya samu a tsaye. Su kuwa waɗannan mutane kango suka tarar, wani wurin ma ko kangon babu, sai suka ɗauko abin da malaman tarihi da mawaƙa da masu tono ƙasa suka rubuta, suka gina sabon gida da shi. Addini ne na masu karatu, wanda aka haifa a birni, kuma babban abin da ya raba shi da maguzancin da can shi ne cewa mabiyinsa ne yake zaɓar abin bautarsa, shi ne kuma yake yanke ma'anar da abin bautar zai ɗauka.

Tarihin Wika ya isa hujja. Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884, ma'aikacin mulkin mallaka ne da ya yi shekaru a gonakin shayi da na roba da kuma aikin kwastan a Silon da Malaya (Sri Lanka da Malesiya na yau), ya yi ritaya ya dawo Ingila a 1936. Ya ce a 1939 wata ƙungiyar asiri a yankin New Forest ta shigar da shi cikin wani addini da ya tsira a ɓoye tun kafin zuwan Kiristanci. Da aka soke tsohuwar dokar hana maita ta 1735 a shekarar 1951, sai ya samu damar fitowa fili, ya buga littafi a kan addinin a 1954. Tunanin cewa matan da aka kashe a Turai da sunan maita mabiya wani tsohon addini ne, daga wata masaniya mai suna Margaret Murray ya samo shi, wadda ta yaɗa wannan ra'ayi tun 1921, kuma malaman tarihi da suka biyo baya sun binciki takardun shari'o'in sun nuna cewa maganar ba ta da tushe. Da aka bi diddigin addu'o'i da tsare-tsaren da Gardner ya ce ya gada, sai aka ga guntayen al'adun ƙungiyar asiri ta Firimason, da rubuce-rubucen matsafin nan Aleister Crowley, da baitocin mawaƙan Ingila. Almajirarsa Doreen Valiente ita ce ta fara gane wasu daga cikin waɗannan are-are, ta sake rubuta babban ɓangare na kalmomin ibadar da hannunta. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan wannan tarihi ya buga a 1999, ya nuna cewa Wika sabon addini ne da aka haɗa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20. Abin da ya burge ni shi ne cewa mabiya da yawa sun karɓi wannan hukunci ba tare da sun bar addinin ba. Sun ce tsufan abu ba shi ne gaskiyarsa ba, kuma kowane addini ya taɓa zama sabo wata rana.

Masu fararen rigunan Stonehenge, waɗanda ake kira Duruwid, labarinsu bai yi nisa da wannan ba. Duruwid na asali malaman addinin ƙabilun Kelt na tsohuwar Turai ne, ba su bar rubutu ko ɗaya ba, kuma ɗan abin da aka sani game da su ya fito ne daga alƙalamin Rumawa da Girkawa, waɗanda wasunsu abokan gabarsu ne. Su kansu duwatsun Stonehenge sun girme su da fiye da shekara dubu. Bikin da wani mawaƙin Wales, Iolo Morganwg, ya shirya a wani tudu a Landan a 1792 yana cewa gadon Duruwid ne na kakanni, daga baya an gano cewa takardun da ya dogara da su shi ya ƙirƙira da yawansu. A Ayislan kuwa, inda wani manomi mawaƙi mai suna Sveinbjörn Beinteinsson ya jagoranci kafa ƙungiyar Asataru ta masu bin tsofaffin gumakan arewacin Turai a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, labaran Odin da Thor da Freyja da suke karantawa Kiristoci ne suka rubuta su a ƙarni na 13, sama da shekara 200 bayan ƙasar ta karɓi Kiristanci. Wato ko muryar tsofaffin gumakan ma ta bakin waɗanda suka bar su ake jin ta.

To, mene ne suka yi imani da shi? Tambayar tana da wuya domin babu littafi guda da ya ɗaure su, babu annabi, babu majalisar malamai da za ta ce wannan ya halatta wancan ya haramta, kuma su da kansu sukan yi raha cewa idan ka tambayi mutum goma cikinsu za ka samu amsa fiye da goma. Duk da haka akwai igiyar da ta ratsa kusan dukkansu, ita ce ɗaukar duniyar nan da kanta a matsayin abu mai tsarki. A wurinsu ƙasa da kogi da itace da jikin mutum ba wurin jarrabawa ba ne da ake wucewa ta cikinsa zuwa lahira, su ne mazaunin abin bautar, wasu ma sukan ce su ne abin bautar. Daga nan sauran suka tsiro. Idan tsarki yana cikin halitta, halitta kuwa iri-iri ce, to abin bauta ma zai zama da fuskoki da yawa, mace da namiji. Mabiya Wika suna girmama wata uwargijiya da suke alaƙantawa da wata, tana bayyana a matsayin budurwa da uwa da tsohuwa kamar yadda wata yake tsayawa ya cika ya ragu, tare da wani ubangiji mai ƙaho da ke wakiltar daji da namun dawa da rana. Maganar zunubin da aka gada daga Adamu, ko ceto, ko ranar hisabi, ba ta da gurbi a nan. Game da mutuwa, wasu sun yarda ana sake dawowa duniya a wani jiki, wasu suna maganar wata ƙasar hutu da ruhi ke zuwa, wasu kuma suna cewa ba su damu da tambayar ba.

Ya kamata a ga yadda ibadar take a kusa, domin su aiki suka fi ba muhimmanci a kan furuci. Mafi yawansu ba sa cikin wata ƙungiya, su kaɗai suke yin abinsu a ɗaki. Mace za ta dawo daga ofis a daren da wata ya cika, ta share tsakar ɗakinta, ta shimfiɗa ƙyalle a kan ƙaramin tebur. A gabas ta ajiye turaren wuta don iska, a kudu kyandir don wuta, a yamma ƙoƙon ruwa, a arewa ɗan gishiri ko dutse don ƙasa. Sai ta ɗauki wata 'yar wuƙa da ba a yanka komai da ita, ta zagaya tana nuna ƙasa kamar mai zana da'ira, ta kira kusurwoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a tsakiya. Za ta iya rubuta buƙatarta a takarda ta ƙona, ko ta ɗaure zare tana ambaton sunan mara lafiya, ko ta yi shiru kawai. Idan ta gama ta ci ɗan biskit, ta kurɓi abin sha, ta zuba ragowar a tukunyar fure a matsayin rabon ƙasa, ta kashe kyandir ta kwanta, gobe da safe ta kama jirgin ƙasa zuwa aiki. A Ayislan taron jama'a ne a fili: a hura wuta, a karanta baitocin tsofaffin waƙoƙi, a zagaya da ƙaho cike da abin sha, kowa ya kurɓa ya ambaci wani abin bauta ko wani kakansa da ya rasu. Kalmar da suke kiran bikin da ita a da tana nufin yanka, amma ƙungiyar ta yau ba ta yanka dabba.

Shekararsu tana da bukukuwa takwas: ranar da ta fi kowace tsawo, daren da ya fi kowane tsawo, ranaku biyun da dare da rana suke daidaita, da wasu huɗu da suka faɗo a tsakaninsu, kamar Beltane a 1 ga Mayu da Samhain a ƙarshen Oktoba, lokacin da suke tunawa da matattu. Babu wata tsohuwar al'umma da aka sani tana yin duka takwas ɗin. An haɗo na Kelt da na wasu ƙabilu ne a shekarun 1950, wasu sunayen ma sai a shekarun 1970 aka raɗa su a Amurka. Kuma lissafin na ƙasashen sanyi ne zalla. Mabiyan da ke Ostareliya sai da suka juya kalandar, domin lokacin da Ingila ke cikin sanyi su suna cikin zafi. Mu da shekararmu take tafiya a kan bazara da damina da kaka da hunturu, kuma tsawon rana bai cika bambanta ba, wannan zagaye ba zai ce mana komai ba.

Ta fuskar ɗabi'a, mabiya Wika suna da wata gajeruwar ƙa'ida da ke cewa muddin ba ka cutar da kowa ba, yi abin da kake so, wasunsu kuma sun yarda cewa duk abin da ka aikata, alheri ko sharri, zai dawo maka ninki uku. Masu bin gumakan arewacin Turai sun fi jaddada cika alkawari, karrama baƙo, jarumta da barin suna mai kyau bayan mutuwa, abubuwan da Bahaushe ba zai ji su baƙi ba.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne ma'anar da kowane mutum yake ba waɗannan abubuwa. A cikin da'ira ɗaya, mutum uku za su kira sunan Thor tare. Na farko ya yarda cewa Thor wani mai rai ne da ke jin kira yana amsawa. Na biyu yana ganin duk gumakan sunaye ne na wani ƙarfi guda da ya cika halitta. Na uku bai yarda akwai kowa ba, yana ɗaukar Thor a matsayin hoton ƙarfin zuciya da yake so ya farkar a cikin kansa. Babu wanda zai kori wani, kuma ba wanda zai tambayi wani. Shugaban ƙungiyar Asataru ta Ayislan tun 2003, Hilmar Örn Hilmarsson, wanda mawaƙi ne, ya faɗa wa 'yan jarida a 2015, lokacin da ake shirin fara gina musu wurin ibada a wani tudu a Reykjavik, cewa bai ɗauka akwai wanda ya yarda da wani mutum mai ido ɗaya da ke yawo a kan doki mai ƙafa takwas ba, kuma su labaran suna kallonsu ne a matsayin zance mai hikima da ke nuni ga ƙarfin halitta da halin ɗan Adam. Shugaban addini ke nan yake magana a kan Odin, babban abin bautar addininsa.

Ban ga dalilin yi wa masu shiga wannan hanya ba'a ba, domin ƙishirwar da ta kai su ta gaske ce. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne sun sauko zuwa kashi 46.2 cikin ɗari, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuma suka kai kashi 37.2. A cikin wannan fili da coci ya bari, kimanin mutum 74,000 suka rubuta cewa su maguzawan zamani ne, daga 57,000 a 2011, ban da wasu 13,000 da suka rubuta Wika. Adadin ƙarami ne ƙwarai, amma yana hawa a lokacin da na coci ke sauka. Akwai matan da suka tashi suna jin cewa addinin gidansu bai ba su wurin tsayawa a gaba ba, suka samu addinin da mace ke jagorantar ibada. Akwai waɗanda lalacewar muhalli ta dame su, suna neman harshen da zai ce sare daji laifi ne mai girma fiye da asarar kuɗi. Akwai wanda ya tashi a birnin da babu wanda ya san sunan kakansa, yana neman saiwa. A Lituweniya, ƙasar da ba ta karɓi Kiristanci ba sai 1387, ƙungiyar Romuva ta masu raya tsohon addinin ƙasar ta tsiro ne daga masu tattara tsofaffin waƙoƙin ƙauye a zamanin mulkin Sobiyet, kuma jagoranta Jonas Trinkūnas ya rasa aikinsa na jami'a saboda wannan. A wurinsu hura wuta a kan dutse da rera waƙar kakanni wata hanya ce ta cewa harshensu da ƙasarsu ba su mutu ba.

Amma a nan ne nake rabuwa da su, kuma rabuwar tana da hawa biyu. Na farko na aƙida ne, ba zan ɓoye shi ba: ni Musulmi ne, kuma Alƙur'ani ya ce kada a yi sujada ga rana ko wata, a yi ga wanda ya halicce su. Annabi Ibrahim ya dubi tauraro da wata da rana, ya ga kowanne yana faɗuwa, ya juya ga wanda ba ya faɗuwa. Wannan hujjar tawa ce da masu imani irin nawa, kuma na san ba za ta motsa wanda bai yarda da Littafin ba. Hawa na biyu shi ne wanda nake ganin ko su ya kamata ya dame su. Abin bautar da kai ka zaɓe shi, kai ka yanke abin da yake nufi, kai kuma za ka iya ajiye shi ka ɗauki wani idan ya daina yi maka daɗi, ta yaya zai hana ka abin da ranka yake so? Ƙa'idar "kada ka cutar da kowa" tana da kyau a baki, amma wa zai yanke cewa an cutar, idan mai aikin shi ne alƙali? Mutum ya fi kowa iya yi wa kansa uzuri.

A nan kwatanci da maguzancin ƙasar Hausa yake da amfani. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a kan Dala, wanda shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura, jama'a kuma su taru da baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare, su jira ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Babu wanda ya je wurin don neman sanin kansa. Sun je ne domin ruwa da hatsi da annoba da yaƙi, kuma sun je da tsoro. Bamagujen da yake yanka a bakin gona kafin shuka bai zaɓi iskar da yake yi wa yankan ba, gadonta ya yi tare da gonar, tana da abin da take so da abin da ta hana, kuma idan ya saɓa yana jiran sakamako a rumbunsa ko a jikin 'ya'yansa. Haka tsofaffin Rumawa da mutanen Ayislan suke. Da rikici ya kusa raba Ayislan biyu wajen shekara ta 1000, mai faɗin doka na majalisarsu, Thorgeir, wanda shi kansa mai bin gumaka ne, ya lulluɓa da bargo yini da kwana, ya tashi ya yanke cewa kowa zai zama Kirista domin doka ɗaya ce za ta riƙe ƙasa, aka bar wa masu so su yi yankansu a ɓoye. Addini a wurinsu al'amarin gari ne, ana shiga tare a fita tare. Mai yin bikin girbi a yau a Manchester, burodinsa daga kanti yake zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ya ɗauki waƙar da rawar, ya bar tsoron da wajibcin, kuma ina ganin su ne ƙashin bayan abin.

Mai kare su zai ce ai wannan ci gaba ne, domin addinin tsoro shi ya haifi yanka mutane da zaluncin bokaye, kuma abin da nake kira rauni shi ne 'yanci. Maganar tana da ƙarfi, musamman daga bakin wanda aka taɓa cuta da sunan addini. Zai kuma iya cewa akwai mabiya da suka ɗaure kansu da alkawura masu nauyi, suna shekaru suna koyo kafin a ba su matsayi, suna ziyartar fursunoni da marasa lafiya. Ban musa ba. Sai dai rashin mai tsawatarwa yana da farashi, kuma an gan shi. Alamomin tsofaffin gumakan arewacin Turai, waɗanda 'yan Nazi suka riga suka ɓata, sun zama tutar wasu masu wariyar launin fata a Amurka da Turai, masu cewa addinin na jinin Bature ne kaɗai. Ƙungiyoyi da dama sun haɗu a 2016 sun fitar da sanarwar nisanta kansu daga wata ƙungiyar Amurka mai wannan ra'ayi, ƙungiyar Ayislan ma ta daɗe tana ƙin wariya. Amma ba su da nassin da za su buɗe su ce wa mai wariya ka saɓa, domin shi ma zai ce tasa ma'anar ke nan. Haka kuma an daɗe ana yawo a tsakaninsu da cewa mata miliyan tara aka ƙona a Turai saboda tsohon addini, alhali malaman tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe da zargin maita tsakanin 40,000 da 60,000, kuma kusan dukkansu Kiristoci ne talakawa da maƙwabta suka yi wa ƙazafi. Labari ne da ya yi wa mutane daɗi saboda ma'anar da ya ba su, shi ya sa ya daɗe kafin a sake shi.

Saura tambayar da ta shafi hukuma: shin gwamnati ta amince da irin wannan a matsayin addini? Duk da abin da na faɗa, amsata ita ce e, a ƙasashen da dokarsu ta yi alkawarin 'yancin addini ga kowa. Hukumar da ta ɗora wa kanta aikin tantance wane imani ne ya tsufa ko ya yi nauyin da za a kira shi addini, gobe za ta juya ma'aunin a kan wani. Musulmi kashi 6.5 ne cikin ɗari a Ingila da Wales a ƙidayar 2021, kuma dokar da ta sa hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta karɓi wata ƙungiyar Duruwid a 2010 ita ce take kare masallacin Birmingham da makabartar Musulmi da limamin gidan yari. Wanda yake murna idan an hana maƙwabcinsa, ya tuna cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma an hore mu da kada mu zagi abin da wasu suke kira ban da Allah, don kada su zagi Allah da jahilci. Ƙin yarda da abu daban, ƙazafi a kansa daban. A Lituweniya majalisa ta ƙi amincewa da Romuva a 2019, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce a 2021 an tauye musu haƙƙi, sai a Disambar 2024 majalisar ta amince.

A Amurka maganar ta kai har kabari. Sajan Patrick Stewart, sojan jihar Nevada kuma mabiyin Wika, ya mutu a Afganistan a 2005 lokacin da aka harbo jirgin da yake ciki. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji tana da jerin alamomin addini da ake sassaƙawa a kan kabarin soja, har da gicciye iri-iri da jinjirin wata da alamar waɗanda ba su yarda da Allah ba, amma babu tauraron nan mai tsini biyar a cikin da'ira da mabiya Wika suke ɗauka a matsayin iska da wuta da ruwa da ƙasa da ruhi. An yi shekaru ana neman a saka shi ana jan ƙafa. Matarsa ta ƙi yarda a sa sunansa ba tare da alamar ba, wurin ya zauna babu komai, ta shiga cikin masu kai ƙara. A watan Afrilun 2007 ma'aikatar ta sasanta ta ƙara tauraron a jerin, a 2013 kuma ta ƙara gudumar Thor.